Ƙarin batir ko ƙarin faranti? Fashin baƙi kan solar gidajen tafi-da-gidanka na Amurka

Idan mutum yana da sola, amma kullum wuta na ƙare masa kafin kiran assalatu, me ya kamata ya ƙara, batir ko faranti? Kuma da gaske ne farantai biyu ko uku a kan rufin wani ɗan ɗaki mai taya za su riƙe firji da talabijin da esi a tsakiyar hamada, inda babu ko turken wuta ɗaya?

Waɗannan tambayoyi sun yawaita ne saboda bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok, inda ake nuna Amurkawa suna rayuwa a gidajen da ake ja da mota, rana na ba su wuta. Mu kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 janareto ya zama sai wane da wane, ga duhun da Arewa ta kwana cikinsa fiye da mako guda a watan Oktoban 2024. Don haka duk wanda ya ga irin wannan bidiyo, lissafin gidansa ne ke faɗo masa a rai. Amsar da mafi yawan mutane ke fara bayarwa, a can da nan, ita ce a ƙara batir. Sau da yawa wannan amsa kuskure ce, kuma babu inda kuskuren ke saurin bayyana kamar a wannan ɗan gida mai taya.

Wace irin tirela ake nufi?

A wurinmu idan aka ce tirela, babbar motar siminti ko ta shanu ce ke zuwa wa mutum a zuciya. Wadda ake magana a nan daban ce. Ɗaki ne mai taya, ba shi da inji, ana maƙala shi a bayan a-kori-kura ko jif a ja shi. A ciki akwai gado, da ɗan kicin, da banɗaki, da tankin ruwa. Faɗinsa bai cika wuce mita biyu da rabi ba, tsawonsa kuwa daga mita huɗu zuwa goma ko fiye. Sunan tafi-da-gidanka da muka laƙaba wa wayar salula, wannan ne ainihin mai shi.

Harka ce babba a Amurka. Mafi yawansu a arewacin jihar Indiana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa. A shekarar 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun otal da jirgi, masana'antun sun fitar da gidaje masu taya sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba.

Masu su iri biyu ne. Akwai mai zuwa sansanin haya, inda kowane fili ke da turken wuta da famfo. Ya jona wayarsa, ya sami wat 3,600 idan turken mai amfiya 30 ne (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya ce), ko har wat 12,000 idan mai amfiya 50 ne. Wannan ba ruwansa da sola. Sai kuma mai shiga daji ko hamada ya yada zango a filin gwamnatin tarayya, inda galibi doka ta yarda mutum ya zauna kwana 14 kyauta. A garin Quartzsite na jihar Arizona, dubban mutane ke taruwa kowane hunturu, har da wuraren da aka ware don zaman wata bakwai, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. Da yawansu tsofaffi ne da suka yi ritaya, wasu kuma tsadar hayar gida ce ta koro su. Waɗannan su ne wutarsu ta rataya kacokan a kan rana da batir.

Randa da famfo

A cikin tirelar akwai wuta kala biyu. Ɗaya ƙarama ce mai bolt 12, kai tsaye daga batir, ita ke kunna fitilu, da famfon ruwa, da fankar dumama ɗaki, da firjin zamani. Ɗayar mai bolt 120 ce, irin ta gidajen Amurka, ita esi da na'urar ɗumama abinci ke so. Idan babu turke, sai an sa inbata ta juya wutar batir zuwa wannan, kuma a wajen juyawar kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na salwanta.

Batir ba ya samar da wuta, ajiye ta yake yi. Randa ce. Faranti shi ne famfon da ke zuba mata ruwa, kayan wuta kuma su ne masu ɗiba da moɗa. Wanda famfonsa ke ɗiga, ya je ya sayo randa huɗu, bai ƙara ruwa ko cokali ɗaya a gidansa ba.

Girman randar shi ne lambar da ake rubutawa a jikin batir, kamar 100Ah, wato amfiya-awa 100. Idan ka ninka ta da bolt ɗin batirin za ka san yawan wutar da ke ciki. Batirin litiyam mai 100Ah da bolt 12.8 yana ɗauke da wat-awa 1,280, wato zai iya kunna abu mai cin wat 128 na tsawon awa goma.

To bari mu zauna a Quartzsite dare ɗaya a watan Janairu, mu yi lissafi a matsayin misali. Firji ya ci wat-awa 600 a yini da dare. Fitilu huɗu masu wat 5, awa huɗu, 80 ke nan. Famfon ruwa 20. Cajin wayoyi da kwamfuta 150. Akwai ƙananan na'urorin da ba a kashe su, kamar mai shinshinar yoyon gas, a ba su 120. Sai wanda ke yi wa sababbin shiga ba-zata. Hamada da dare sanyi gare ta, kuma ko da yake gas ne ke dumama ɗakin, fankar da ke hura ɗumin batir take ci, kusan wat 80. Idan ta yi aikin awa huɗu a dare, an sami 320. Jimla, wat-awa 1,290. Batirin litiyam guda ya tashi ke nan, ba a ko taɓa esi ba.

Yanzu a dubi famfo. Lambar da ke jikin faranti, a ce wat 100, a ɗakin gwaji aka same ta, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana kan zafin digiri 25. A kan rufin tirela faranti a kwance yake, ba ya fuskantar rana sosai, ga ranar hunturu gajera ce kuma a karkace take tafiya. Idan aka ƙiyasta awa huɗu na cikakkiyar rana, aka cire rubu'i na asara, farantin wat 100 zai ba da wat-awa 300 a yini. Mai cin 1,290 yana buƙatar farantan wat 400 da ɗoriya kafin ya mayar da abin da ya ci.

Sai ga mutum yana da farantan wat 200, ya sayi batir huɗu. Randarsa ta zama wat-awa 5,120. Kullum ana zuba mata 600, ana ɗiban 1,290. Makon farko zai ji daɗi, har ya ɗauki bidiyo. A rana ta takwas randa ta ƙafe, kuma ko ya kashe komai ya zauna a duhu, sai farantansa sun yi fiye da kwana takwas kafin su cika ta. Wannan sashe na labarin ba ya cika fitowa a bidiyo.

Ba wai ƙarin batir ba shi da amfani ba ne. Amfaninsa shi ne ya tsallakar da mutum dare, da ranar hadari ɗaya ko biyu. Wanda batirinsa ke cika tun ƙarfe sha biyun rana amma ya mutu da tsakar dare, shi ne mai buƙatar ƙarin batir. Wanda rana ke faɗuwa batirinsa bai cika ba, faranti yake buƙata.

Batirin ruwa da batirin litiyam

An daɗe masana'anta ko dillali na haɗa tirela da batirin ruwa, mai dalma da asid, sau da yawa ƙarami mai 70Ah zuwa 85Ah. Irin wannan batir rabinsa kawai ake son a riƙa ci. Idan ana zuƙe shi har ƙasa, ko ana barinsa bai cika ba kwana da kwanaki, gishiri na daskarewa a jikin farantan dalmar da ke ciki, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Yana kuma fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, shi ya sa ake ajiye shi a waje, a kan ƙarfen gaba da ake maƙalawa a mota.

Litiyam ɗin da masu tirela ke komawa gare shi ba irin na cikin waya ba ne. Nau'in da ake rubutawa LiFePO4 ne, wanda aka gano a ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas a tsakiyar shekarun 1990. Mutumin ya sami kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97. Wannan nau'i ya fi sauran litiyam wuyar kamawa da wuta, ana iya cin kusan duk abin da ke cikinsa, kuma yana jure cikawa da ƙarewa sau dubbai, alhali na ruwa sau ɗaruruwa yake yi. Nauyinsa bai kai rabin na ruwa ba: mai 100Ah kilo 11 zuwa 14, na ruwa kuwa kusan kilo 30. A gida wannan ba komai ba ne, amma a abin da ake ja a kan titi kowane kilo a lissafe yake.

Yana da nasa sharuɗɗan. Ba a yi masa caji idan sanyi ya kai digiri sifili, domin hakan na lalata shi daga ciki, lalacewar da ba ta gyaruwa. Masu kyau suna da ɗan allon lantarki a ciki da ake kira BMS, wanda ke datse caji idan sanyi ko zafi ko jan wuta ya yi yawa, wasu har da abin dumama kansu. Saboda haka mutane da yawa ke ɗauke batir daga waje su mayar da shi ƙarƙashin gado. Wannan ma da lissafinsa, domin ana son kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗinta da mota. Idan gaba ya yi sakayau, baya ya yi nauyi, tirela kan fara lilo a kan titi, kuma lilon nan kan kifar da ita har da motar da ke janta.

Haɗa batura kuma hanya biyu ce. Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, bolt na nan a 12, randa ce ke ƙara girma. Idan aka jera su a layi, jan wannan da baƙin wancan, bolt ne ke ninkuwa zuwa 24. Ko ta wace hanya, ba a gwama na ruwa da litiyam, ba a kuma gwama tsoho da sabo, domin mai rauni zai riƙa jan mai ƙarfi ƙasa.

Abubuwan da ba a gani, su ke cin kuɗi

A ganina nan ne aka fi yaudarar mai saye. Za a sayar wa mutum tirela a ce a shirye take don sola, alhali abin da aka sa soket ne guda da 'yar waya. Sauran kaya duk a kansa suke.

Na farko shi ne mai daidaita caji, wanda ke tsakanin faranti da batir. Mai arha, PWM, yana tilasta wa faranti ya sauko daidai da bolt ɗin batir, abin da ya ragu ya tafi a banza. Mai tsada, MPPT, yana juya wannan rarar ta zama ƙarin caji. Idan farantai sun kai wat 300 ko 400, MPPT ya cancanci kuɗinsa.

Na biyu, cajar da ta zo da tirelar daga masana'anta. Tsofaffin an yi su ne don batirin ruwa, suna tsayawa a wajen bolt 13.6, litiyam kuwa yana son 14.2 zuwa 14.6 kafin ya cika da wuri. Ita ma wayar cajin da ke zuwa daga mota siririya ce kuma doguwa, abin da take kawowa kaɗan ne, sai an sa wata caja ta musamman tsakanin motar da batirin.

Na uku, kuma mafi haɗari, waya da fis. Inbata mai wat 2,000 a kan bolt 12 tana jan amfiya kusan 185 daga batir. Wannan sai waya mai kaurin ɗan yatsa, gajera, an matse kawunanta sosai, da fis daf da batir. Siririyar waya a nan za ta yi zafi, robarta ta narke, a cikin ɗakin da aka yi da katako da soso, ga tukunyar gas a gaba. Ga shi kuma tirela kullum cikin girgiza take, abin da aka ɗaure sako-sako zai ƙara kwancewa. Wannan ja mai yawa shi ne dalilin da ya sa manyan inbatoci, a can da nan, ke komawa bolt 24 ko 48, domin duk ninkin bolt yana rage jan da rabi.

Akwai wani abu da masu sake wayoyi da kansu kan manta. Birkin gaggawa na tirela, wanda ke kama ta idan ta ɓalle daga mota, daga batirin nan yake shan wuta. Wanda ya mayar da batir ciki bai sake jona wannan layi ba, yana jan abin da ba zai tsaya ba ranar da ya kuɓuce.

Sai ma'auni. Batirin ruwa ana iya ƙiyasta cikarsa da duba bolt. Litiyam kuwa bolt ɗinsa kusan a wuri ɗaya yake tsayawa daga kashi 90 har zuwa 20, sai kawai ya faɗi. Dole sai da na'urar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Da ni ne mai tirela, ita zan fara saye kafin faranti ko batir, in yi mako guda ina kallon abin da nake ci.

To esi fa?

Esin kan rufi da aka fi sawa yana cin wat 1,300 zuwa 1,500, kuma lokacin tashi yana fizgar ninkin haka. Batirin litiyam guda ba zai riƙe shi awa ɗaya ba. Dare guda, ko da injin na hutawa rabin lokaci, zai ci kusan wat-awa 6,000. Batir biyar ke nan, da farantan wat 2,000 da za su mayar da su washegari, waɗanda ke son filin murabba'in mita goma. Rufin kuwa tuni esin kansa ya zauna a kai, da tagogin iska, da eriya, kuma inuwar kowannensu idan ta taɓa gefen faranti tana rage abin da yake bayarwa fiye da girman inuwar. Ana yi, akwai masu yi, amma da kuɗi masu yawa. Yawancin mazauna hamada wata dabara suke bi: hunturu a Arizona, bazara su ja gidansu zuwa tsaunuka ko arewa inda fanka ta wadatar.

Masu cewa a yi, da masu cewa a bari

Masu janareto suna da hujja. Ƙaramin janareto mai wat 2,000 ya fi cikakken tsarin sola arha nesa ba kusa ba, ba ruwansa da hadari ko inuwar bishiya, kuma wanda ke fita sau uku a shekara ba zai taɓa mayar da kuɗin litiyam ba. Masu sola kuma suna cewa janareto na son mai da gyara, ga ƙara, ga hayaƙi mai kisa idan ya shiga ɗaki, ga sansanoni da yawa da ke hana kunna shi da dare. Akwai kuma masu tsoron huda rufi, domin kowane rami ƙofar yoyo ce, kuma ruwa shi ne babban mai kashe tirela. Su kan zaɓi faranti mai naɗewa da ake shimfiɗawa a ƙasa, a ajiye gida a inuwa, faranti a rana, sai dai kullum sai an fitar an mayar, kuma ɓarawo na iya ɗauka.

Ni dai ina ganin yawan kwanakin da mutum ke yi nesa da turke shi ne ke raba gardama. Ga mai hutun ƙarshen mako, faranti ɗaya ko biyu da batir guda sun isa. Ga tsohuwar da tirela ta zama mata gida, wadda maganinta ke cikin firji, sola ba ado ba ce, kuma ita ce kuskuren lissafi ya fi cutarwa, domin ba ta da kuɗin saye sau biyu.

Inda zancen ya taɓa mu

Ba mu da al'adar jan gida a bayan mota, amma lissafin ɗaya ne ga mai shagon caji, da mai sayar da ruwan sanyi, da magidanci. Ranarmu ta fi ta hunturunsu yawa, a Kano ko Maraɗi awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana ba abin mamaki ba ne. Su sanyi ke damunsu, mu zafi da ƙura. Faranti na rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri sama da 25, kuma a watan Afrilu jikinsa kan haura digiri 60 a kan kwano. Batirin ruwa kuma, duk ƙarin zafin digiri goma na iya cinye rabin rayuwarsa, don haka ajiye shi a lungun da ba iska asara ce.

Wani maƙwabcina yana da batirin ruwa na tubula biyu masu 220Ah da farantan wat 600. Inbatarsa kan fara kuka wajen ƙarfe biyun dare, sai aka ba shi shawara ya ƙara batir biyu, ya ƙara. Wata uku bayan haka kukan ya dawo, har ya fi na da saurin farawa. Muka zauna da biro da takarda. Farantansa, a ranar da ta yi kyau, wat-awa 2,250 suke bayarwa, firiza kuma na cinye kusan rabi tun da rana. Batura huɗun ba su taɓa cika ba ko sau ɗaya, tsofaffin biyu kuma suna ta jan sababbin. Da muka hau rufi, ƙurar hunturu ta yi wa farantan lulluɓi, har yatsa na barin layi a kai.

Ya cire tsofaffin biyun ya sayar wa masu sayen dalma, ya cika kuɗi ya ƙara farantan wat 600, ya sa yaronsa wanke su duk Juma'a da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Ya koma batir biyu kamar yadda ya fara. Yanzu kafin la'asar sun cika, kuma fankarsa na kaiwa asuba.